Mai Sikeli da Rabon Bakwai

Shekara talatin da huɗu Mai Sikeli ya yi yana gyaran ma'auni a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin matakalar bene, kuma bakin waɗanda suka san shi ya zo ɗaya a kan cewa hannunsa kan faɗi nauyi kafin allura ta tsaya. Kaɗan ne suka san yadda yake cinye yinin Asabar. Shi da abokansa uku sukan kewaye tebur, ya shimfiɗa taswirar da ya zana, ya riƙa ba da labarin wata ƙasa da babu ita, kowane aboki na riƙe da jarumi guda. Idan jarumi zai tsallake rami ko ya kara da dodo, sai a jefa ƙwayoyin ludo biyu, jimillarsu ta yanke hukunci. Ba caca ba ce, labari ne ake saƙawa tare.

Da rawar hannu ta kama shi, ƙwayoyin suka koma tserewa ƙarƙashin kujeru. 'Yar ƙanwarsa, wadda sana'arta rubuta manhaja, ta haɗa masa wata 'yar ƙarama a waya: ya taɓa, lamba ta fito tsakanin biyu da sha biyu.

A Asabar ta uku ya ture wayar, ya ce ma'aunin nan ya karkace. Telan da ke cikinsu ya tsokane shi cewa tsufa ya gama da hannu, ya haura sama. Wasa ne, amma ya isa kunnen babban ɗan Mai Sikeli, wanda dama yake zargin mahaifin ya fara rikicewa. Ya yanke shawarar a rufe shagon a ƙarshen wata, tsohon ya zauna a gida inda za a sa masa ido.

'Yar ƙanwar ta je lallashin tsohon. Ta yi masa bayani a hankali cewa na'ura ba ta da ɗan lele, kowace lamba rabonta daidai da na 'yar'uwarta.

"To ai nan ɓarnar take, uwata," in ji shi. "Sha biyu ƙofa ɗaya gare ta, shida da shida. Bakwai ƙofofinta shida. Wa ya ce ki raba musu daidai?"

Ta buɗe kwamfutarta a kan teburin aikinsa, tsakanin duwatsun awo da kwalbar man inji, ta ga abin da ta yi: ta umarci na'urar ta zaɓi lamba ɗaya cikin sha ɗaya, maimakon ta jefa ƙwaya biyu ta haɗa. Ta gyara layin umarnin, ta sa aka yi jifa dubu ɗari. Zanen sakamakon ya tashi kamar tudu, bakwai a ƙololuwa, kusan sau ɗaya cikin kowane shida. Mutumin da bai wuce aji huɗu ba ya gano wannan cikin zama uku, ba takarda, ba alƙalami. Da ta tambaye shi yadda aka yi, ya ce bakwai ce kawai ta daina zuwa gaishe shi yadda ta saba.

Nan take ta kira babban ɗan a waya.

"Yaya, ka ƙyale Kawu da shagonsa. In akwai wanda ya rikice a zuriyar nan, ni ce, da digirina."

Ya zo da kansa, ya daɗe tsaye yana duban tudun a fuskar kwamfutar, sannan ya dubi mahaifinsa. Bai ƙara tayar da zancen rufe shago ba.