Dutsen Wuyan da Aka Tono a Fadamar Orval

Faɗa mafi zafi da na yi da maƙwabcina Orval Stenberg a kan ciyawa ne. Shekarar da sanyi ya daɗe a kwarinmu na Montana, abincin shanuna ya ƙare, na roƙe shi su shiga fadamarsa ta bakin rafi. Ya ƙi. Wai kakansa ya ce nan matafiyan farko suka yada zango a hanyarsu ta zuwa teku, shekara ɗari biyu baya, kofato ba zai taka wurin ba. Na ce to matattun nasa su zo su tatsar masa madara. Wata uku ba mu gaisa ba.

Haka ya rayu, ba mata, ba ɗa, sai rubuta wa masana tarihi wasiƙa su zo su duba, gari na ta yi masa dariya. Ni ban iya karatu ba, amma na san wasiƙar da ba a amsawa.

Sai da ya yi furfura suka zo, da igiyoyi da rariya. Ni ke kai musu wake da burodi. Sati biyar suna tankaɗe ƙasa, suka sami toka da dutsen wuya shuɗi guda ɗaya. Shugabarsu ta ce tsoho ne ƙwarai, irin wanda matafiyan ke musaya da shi; ba hujja ba ce, amma mai yiwuwa ne. Gari ya daina yi wa Orval dariya.

Ni kuwa na gane dutsen. Na sarƙar kakata ne. Ina 'yar shekara sha bakwai Orval ya kai ni wurin muka gasa kifi. Ya matso zai faɗi wata magana, hannunsa ya harɗe da sarƙar da ke wuyana, ta tsinke. Muka yini muna tsintar duwatsu cikin ciyawa, maganar ba ta fito ba. Da shekara ta zagayo na auri wani.

Shekara tara na riƙe bakina, abin da ban saba ba, don kada a koma yi masa dariya. Da ciwo ya kwantar da shi na kai masa romo. Hoton dutsen na gefen gadonsa.

Ya ce, "Idella, uwar gardama, yanzu kin yarda?"

Na gyara masa bargo, na ce, "Dutsen nan nawa ne, tsohon banza, kuma ka sani. Ba wanda zan faɗa wa. Amma da ka buɗe baki ran nan, da shanun nan namu ne tare."