Mai Tire a Tsohon Fim

A shagon gyaran gashi na Odessa, a Los Angeles, wata baƙuwar tsohuwa na zaune tana jira, baƙa siririya, da farar safar hannu, bayanta a miƙe. Talabijin na nuna tsohon fim: 'yar aiki ta shigo da tire, ta rusuna wa Baturiya. Leɓen tsohuwar ya riga na 'yar aikin motsi: "To, uwar ɗakina."

Odessa ta dubi talabijin, ta dubi tsohuwar. Allah kaɗai ya san shekarun da tsohuwar ta yi tana ɗaukar tire a fim kafin a bar ta ta buɗe baki.

"Mama, ke ce?"

"Ni ce, 'yata. Kada ki canza tasha. Can gaba zan ɗaga kai in kalli Baturiyar ido cikin ido. Masu fim ɗin ba su lura ba, shi ya sa ba su yanke wurin ba."