Fangalin da Ya Ƙi Bushewa

A shekarar da nake aikin kammala digiri na biyu, na kwashi kwamfuta da na'urorin auna laimar ƙasa na tafi Taloka, gonar albasar kawuna, ina tafiya ina hura hanci sai ka ce ni na gina madatsar Goronyo. Aikin da malamina ya ba ni ba shi da wuyar faɗa. Akwai wata manhaja da ake gaya wa irin ƙasa, da yawan ruwan da aka zuba, da ƙarfin rana, ita kuma ta lissafa yadda ruwan zai ratsa ƙasa, ta zana layi. Ni ma in auna a gona in zana nawa. In layukan biyu suka hau juna na tsira. In suka ƙi, sai maimaita shekara, don albasa rani ɗaya ake yin ta.

Kawu ya ware mini fangali guda, wato kwamin albasa da ake cika wa ruwa, a gefen gonarsa. Na binne na'urori a ciki, muka cika shi da ruwa, sannan na kafa sharaɗi: kwana goma babu ban ruwa.

"To, Injiniya," in ji shi. Haka yake kirana in zai yi mini shaƙiyanci.

Layin manhaja ya gangara a hankali, yadda ƙasa mai hankali ya kamata ta bushe. Nawa kuwa ya ƙi. Ya sauka da safe, da rana ya yi tsalle, ya ɗan sauka, da yamma ya sake yin tsalle. Kusan kullum haka. Na mayar da ƙasar ta zama laka a kwamfuta, na mayar da ita jigawa, na gauraya. Wani lokaci manhajar ta yi ta gurnani kusan awa guda, ta ce lissafi ya ƙi haɗuwa, ta mutu. Na zage ta, na zagi wanda ya ƙirƙiro ta, ban san ko a wace ƙasa yake ba.

Sau uku ina tambayar Kawu ko ya yi wa fangalin ban ruwa. "Wallahi ban yi ba," ya ce. Shi kuwa mutum ne da ko a ciniki ba ya rantsuwa, don haka na yarda. Sai na ƙirƙiro bayani mai daɗi, cewa ruwan gulbi ne ke tasowa ta ƙarƙashi. Har na rubuta shafi tara a kai. Na kira malamina ina rawar jiki, ya saurara, ya ce, "Ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ke da agogo? Je ka haƙa." Na haƙa har ƙirjina, ban tarar da komai ba sai ciwon baya. Saura mako biyu in miƙa aiki, tsoro ya kama ni sosai.

Al'adata, da rana ta take tsakiya nake guduwa gari neman inuwa da caji, sai magariba in dawo. Ran nan tayar babur ta sace, na zauna a gona dole. Azahar ta yi, sai ga Kawu da butarsa. Ya wuce ko'ina a gonar, ya tsuguna a bakin fangalina, ya yi alwala a kan na'urata. Ya juye sauran. Ya koma kwatar da ke kawo ruwa gona ya ciko, ya bi albasar ɗaya bayan ɗaya yana tsiyaya mata.

"Kawu! Ba ka ce ba ka ban ruwa ba?"

Ya ɗago ko a jikinsa. "Mi ag gamin wanga da ban ruwa? Ban ruwa da inji aka yi nai, a buɗe kwata hwangali shi cika. Wagga sadaka ta."

"Sadaka ta kashe mini shekara!"

Na yi ta faɗa, na kawo sunayen lissafi da Turanci, har na nuna masa allon kwamfuta. Bai ko kalla ba. Ya bar ni na gaji, sannan ya ce, "Kai gilashi kaka kallo, ni ganye nika kallo. Kahin a yi dam ɗin ga, da idona nig ga gero na mutuwa tsaye, muna kallo ba mu da abin ba shi. Yanzu ga ruwa na gudu bayana, kac ce in iske abu na jin ƙishi in wuce? Ban iyawa, ɗana."

Kunya ta rufe ni. Sai na ce, "Buta nawa?"

"Biyu ga azahar, biyu ga la'asar. Ran Juma'a ina masallacin gari."

Na auna cikin butar, na shigar wa manhaja, na tsallake azahar ɗin Juma'a. Layukan suka kwanta a kan juna tsaf. Na yaga shafina tara, na rubuta gaskiya a madadinsu. Da Kawu ya ce ko in sake gwajin, shi kuma zai yi ƙoƙarin danne zuciyarsa, na dubi hannunsa a kan butar, na ce masa a'a, ya ci gaba da sadakarsa.