Faifai na uku da Ammu Haruna bai ji ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar nan labari ya iso mini daga Jidda: Ammu Haruna direba, wato Baffa Haruna a Larabcin can, ya rasu. Jikarsa Zainab ce ta kira ni. Na daɗe da waya a hannu ban iya rubuta komai ba.

Na san shi a farkon shekarun saba'in, lokacin da na zo daga Sudan ina aikin gyaran rubutu a wata ƙaramar maɗaba'a a Balad, tsohuwar unguwar Jidda. Ɗakina na jikin nasa a unguwar Ammariyya. A Jidda aka haife shi, iyayensa alhazai ne da suka taso daga Haɗeja a ƙafa, ba su koma ba.

Shi ya raka ni sabunta iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, karon farko. Kuma kowace safiya sai ya aiko mini da ful, wato dafaffen wake, da gurasar tamis, har na yi aure.

Yana da garmaho da wani kwali mai faifai uku na opera, wato wasan kwaikwayon Turawa da ake rerawa da waƙa daga farko har ƙarshe. Wani likita ɗan Italiya da ya yi wa tuƙi shekaru ne ya ba shi ranar da zai koma gida, don ya lura direbansa na tsayawa gindin taga idan an sa kiɗa. Wanda ya tsara waƙar mutumin ƙarni na sha takwas ne. Ammu bai taɓa wahalar da kansa da sunansa ba. Mai Auduga yake ce masa, saboda farar hular gashin da ke kansa a hoton kwalin.

A ranar da aka ba shi kyautar ya kai iyalin likitan gaɓar Abhur wankan teku na ban kwana, ya bar kwalin a but ɗin mota tun hantsi har la'asar. Faifai biyu sun tsira. Na uku, wanda ke sama, ya lanƙwashe kamar tamis da aka ciro daga tanda.

To faifai na biyu ya tsaya ne a inda sarki ya yanke wa wani saurayi hukuncin kisa, an sa masa sarƙa a kurkuku, masoyiyar saurayin na kuka. Nan labarin Ammu ya ƙare. Da ɗan Italiyancin da ya tsinta a mota yake bi, yana rage murya don maƙwabta, yana ɗage allura da zarar an kira salla.

A cikin kwalin akwai ɗan littafi mai fassarar Ingilishi. Wata Juma'a na karanta masa. Na gaya masa cewa masu irin wannan aiki a zamanin da yawansu barori ne a gidajen sarakai, suna sa kayan barorin gidan, ba sa tafiya ko'ina sai da izinin maigida.

Sai ya ce, "Ashe shi ma kafili gare shi, maigidan da ke riƙe da takardunsa, kamar mu. Shi ya sa waƙarsa ke taɓa ni."

Sai na ci gaba, da ƙwazon mai gyaran rubutu, na ce al'adar zamanin ita ce wasa ya ƙare da farin ciki, kuma ga shi a rubuce: sarki zai yafe wa saurayin.

"Ya Ustaz, ka ji da kunnenka?"

Na ce a'a, na dai karanta.

"To halas, shi ke nan. Takarda nawa na gani an rubuta abu, a ƙofar ofis aka ce ba haka ba? Kawo faifai mu ji."

Na yi masa alkawari zan kawo.

Na nema a shagunan Balad ban samu ba. Daga baya aikin jarida ya kai ni Kano, na zauna. Zan iya cewa hidima ce ta yi yawa, amma ainihin abin da ya faru shi ne na manta. Shi bai manta ba. Duk wasiƙar da ya sa aka rubuto mini sai ta ƙare da tambaya ɗaya: ina labarin mutumin kurkuku?

Bara na je umra, na biya ta Ammariyya. Idonsa ya tafi, garmaho ya daɗe da lalacewa. Da ya ji muryata bai ko bari na gama gaisuwa ba.

"Ustaz, ka kawo?"

Kunya ta rufe ni. Zainab ta ɗauko kwalin, ta duba sunan, cikin minti biyu ta nemo a wayarta. Abin da na kasa yi shekara hamsin ke nan.

Ta kara masa wayar a kunne. Bai motsa ba har aka zo inda muryar sarki ta sassauta, aka ji ta saurayin ta tashi, sannan duk mawaƙan suka haɗu wuri ɗaya. Hawaye na bin gemunsa, amma dariya yake.

"Ashe an sake shi. Wallahi an sake shi! Ni da kai muka bar bawan Allah a sarƙa duk shekarun nan."

Na ce ya yafe mini.

"Sarki ma ya yafe, sai ni? Yalla, maza sha shayinka."

Wannan ce ganawarmu ta ƙarshe.

Ya Allah, Kai ne Sarkin da yafiyarsa ba ta tsaya a takarda ba. Ga bawanka Haruna ya zo. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka ba shi mazaunin da ba a neman iƙama, Ka ba iyalinsa haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a yanzu, kafin ya wuce. Kada ya ce sai anjima.