Motar da Na Shanya a Rana

Shekarun baya, lokacin da aka shafa jan fenti a bangon gidanmu na unguwar Nakkasa a Makka, alamar rusau ya iso layinmu, mahaifina ya tara mu ya ce shi ya gama zaman Makka. Yana ƙaramin yaro aka shigo da shi ta Sudan, a nan ya yi aure, a nan ya haife mu, amma ya ce ba zai fara yawon neman ɗakin haya da furfura ba. Zai koma Kano wajen ƙanwarsa, shi da mahaifiyata. Ni aikina yana nan, saboda haka ni zan zauna. Kwana goma sha biyu suka rage musu.

Kowa yana ta ɗaure kaya, ni kuwa na kasa zama wuri ɗaya, domin akwai wata magana tsakanina da mahaifina da ta shekara biyar ba mu taɓa ta ba. Maganar motarsa ce. Tsohuwar motar Amurka ce, shuɗiya mai farin rufi, doguwa har sai an yi dabara kafin ta juya a lungunmu. Da ita ya yi jigilar alhazai tsakanin Jidda da Makka tun kafin a haife ni. Daga baya ta mutu, ta zauna a ƙofar gida tayoyi a sace, kyanwoyi suna haihuwa a cikinta, maƙwabta suna ƙorafi. Wata rana ya tafi ziyara Madina, ni kuma da kaifin basirata na kira masu tashlih, wato masu kwasar matattun motoci, suka ɗauke ta. Na ɗauka gwaninta na yi.

Da ya dawo ya tsaya ya dubi wurin da take, ya shige ciki. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Tun daga ranar, idan na gaishe shi zai amsa, idan na kawo masa abu zai sa mini albarka, amma hira ta ƙare. Ga shi zai tafi, ban san ko zan sake ganinsa ba, kuma bakina ya yi nauyi na kasa cewa ya yafe mini.

Wani abokina yana aiki a wani shagon kayan wasa a unguwar Rusaifa. Na je wajensa ina ta zagaye shagon kamar wanda ya ɓatar da makulli, har ya gaji ya ce, "Ya akhi, ɗan'uwa, ko ka zauna ko ka faɗi abin da ke cinka." Na faɗa masa. Sai ya hau tsani ya sauko da wani kwali da ƙura ta rufe. A jikinsa akwai hoton mota irin ta mahaifina sak, har da fikafikan nan biyu na baya.

"Haɗa ta ake yi da hannu," in ji shi. "Ita kaɗai ta rage. Amma na san ka, ba ka da haƙuri, ita kuma shwayya-shwayya take so, a hankali a hankali."

Na ce masa ni da na haɗa kabad ɗin ɗakina ni kaɗai, motar roba ce za ta gagare ni?

Da na buɗe kwalin a gida sai jikina ya yi sanyi. Babu mota a ciki. Ƙananan gutsattsarin roba ne masu launin toka, maƙale a jikin wasu sanduna, kowanne da lambarsa, wani bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ga takardar bayani da Turanci, wadda na bi hotunanta na bar rubutun ga masu shi. Na ari abin yankan farcen mahaifiyata ina cire su ɗaya bayan ɗaya, na goge bakinsu da samfefa, na riƙa ɗiga gam da tsinken sakace. Ranar farko na manne yatsuna biyu. Rana ta biyu na kafa sitiyari a dama, sai da na tuna a hagu yake na ɓamɓare shi. Madubin gefe ya tsalle daga hantsaki ya faɗa cikin kafet, na yi rarrafe har aka kira la'asar ban gan shi ba.

Duk da haka aiki ya tafi. Inji ya zauna, kujeru suka zauna, salansa ta shiga wurinta. Ina dawowa daga aiki sai in kulle ɗaki, in yi minti goma a zaune, in miƙe in leƙa tsakar gida in ga akwatuna sun ƙaru, in dawo da sauri. Ko abinci a tsaye nake ci. Saura kwana biyar na fesa wa gangar jikin shuɗin fenti, na rufe da takarda na fesa wa rufin fari. Ta yi kyau har na ji tsoron taɓa ta.

Abokina ya riga ya gargaɗe ni cewa fentin yana son kwana guda cur a inuwa. Ni kuwa ba ni da kwana guda na bayarwa. Kuma mu a gidanmu babu abin da ake jira ya bushe da kansa. Kuɓewa, barkono, naman hadaya bayan aikin Hajji, katifar da yaro ya jiƙa, komai sutuh ake kai shi, wato saman rufin gida, rana ta yi aikinta. Haka na tashi na gani. Sai na ɗora motar a farantin ƙarfe, na hau da ita, na ajiye kusa da tiren kuɓewar da mahaifiyata take shanyawa don tafiya. Na ce kafin in dawo daga azahar ta bushe.

Ta bushe kuwa. Rufin ya lotsa a tsakiya, ƙofar baya ta murɗe ta buɗe baki, bonet ya ɗaga gefe ɗaya. Na ɗauki farantin ya ƙone ni, na sake shi, na tsaya ina yarfe hannu a tsakiyar ranar Makka, ƙato da ni, hawaye na neman zubo mini saboda motar roba.

Na kira abokina. Ya daɗe yana dariya kafin ya iya magana. "Ka shanya ta? Kilishi ce?" Da ya ji muryata sai ya daina. Ya ce babu wata, ko an yi oda ba za ta iso kafin tafiyarsu ba, sai dai in tsoma ta a ruwan ɗumi in lallaɓa ta da yatsa. Na yi hakan. Bonet ya koma, ƙofar ta ɗan rufu, rufin kuwa ya ƙi.

A haka mahaifiyata ta same ni a kicin, na tasa tukunya a gaba. Ta ɗauki motar ta juya ta, ta daɗe tana kallo.

"Don Babanku kake yi?"

Na ce eh, amma na ɓata ta.

"Wane ɓatawa? Ya waladi, ɗana, tasa yaushe ta taɓa zama a miƙe? Kayan alhazai sun lotsa rufin tun kana goye. Wannan ƙofar ma da igiya yake ɗaure ta. Abin da ka yi da farko motar hoton jikin kwali ce, ba tasa ba."

Ta ja kujera ta zauna, ita da ke da sauran kaya rututu ba ta ɗaure ba, ta shiga lissafa mini. Akwai ƙarfen ɗora kaya a sama. Akwai salkar ruwa da yake ratayewa a gaba saboda lagireto. Dashbod a rufe yake da jan ƙyalle mai geza. Fitilar baya ta hagu a fashe take, jar leda ya liƙa mata. Ni duk na manta waɗannan, abin da na riƙe kawai shi ne ta tsufa tana tare hanya.

Kwana uku muka yi a kai. Na lanƙwasa wayar wuta na yi ƙarfen kaya. Na yanka kwalin ashana na yi akwatuna, na naɗe auduga a ƙyalle ta zama ƙunshin alhazai, murfin biro ya zama jarkar zamzam. Ita ta yanko gefen tsohon ɗankwalinta ta tsefe masa geza da allura. Na jiƙa burushi da ruwan shayi mai kauri na bi ƙasan ƙofofi don ya yi kamar tsatsa. Idona yana kan agogo, na ɗaure kayan da zare yadda na ga dama.

Ana gobe za su tafi, bayan la'asar, na same shi a tabarma yana ninke jallabiyoyinsa. Na durƙusa na ajiye motar a gabansa. Ya sa tabarau. Ya duba gaba, ya duba baya, ya shafa lotsawar rufin da babban yatsa.

"Wa ya ɗaure wannan kayan?"

"Ni ne, Baba."

"Kafin ka kai rabin hanyar Jidda sun zube. Mai nauyi gaba ake sa shi, ƙulli kuma ta gefen direba, yadda zai gani a madubi. Kawo zare."

Na kawo. Ya warware duka, ya sake jera akwatunan, yatsunsa masu kauri suna fama da zaren. "Riƙe nan," ya ce. Na riƙe. Yana ɗaurewa yana ba ni labarin wata tsohuwa da ta ƙi rabuwa da turminta, sai da aka ɗora shi a sama aka kai shi har Mina. Ya yi dariya, na yi. Rabon da in ji wannan dariyar a kusa da ni shekara biyar ke nan.

Da ya ƙulle na ƙarshe na ce, "Baba, ka yafe mini maganar motar."

Bai ɗago ba. "Na san ba za ta sake tashi ba, ni ba yaro ba ne. Da ka bari na dawo, da ni zan miƙa musu makullin da hannuna. Kwana biyu kawai za ka jira." Ya cire tabarau ya goge. "Khalas, ya wuce. Allah ya yi maka albarka."

Washegari na raka su tashar Kudai suka hau motar Jidda. An yi an yi ya sa 'yar motar cikin akwati ya ƙi, a cinyarsa ya riƙe ta cikin kwalin takalmi. Bayan shekara biyu Allah ya yi masa rasuwa a Kano, ban samu zuwa ba sai bayan an binne shi.

Har yau gaggawa ba ta bar ni ba, matata shaida ce, shayi ma a tsaye nake sha. Amma nakan tuna cewa shekara biyar na hira da mahaifina na zubar saboda na kasa jiran kwana biyu, kuma yammaci ɗaya tak na samu na maido. Abin yana yi mini ciwo, ina kuma gode wa Allah da bai bar shi ya hau motar Jiddan nan da maganar a ransa ba. Yanzu idan abu na wani ne, ko ya ruɓe, ko ya tare mini hanya, ba na taɓawa sai mai shi ya dawo.