Yadda na kai Bashir Maraɗi na kuma mai da shi ga uwarsa

Ku matso, mata 'yan'uwana, ku ba ni kunnuwanku.

Greensboro

Ranar Talata, bayan sallar asuba, ɗana Sani ya ɗauke ni daga unguwarmu Sedgefield, can ƙasar Turawa, zuwa kotu, tafiyar minti ashirin. Shi da matarsa Rakiya sun rabu. Yana so in kai ɗansu Bashir, mai shekara bakwai, hutu gida. Rakiya ta ƙi, tana tsoron ba za a dawo da shi ba.

Alƙaliyar tsohuwa ce kamata, mai natsuwa. Ta bakin tafinta ta tambaye ni me zan yi in dangi suka riƙe yaron. Na ce ni ma an ƙwace mini ɗan fari da aurena na farko ya mutu, na san ciwon. Ta daɗe tana dubana, sannan ta yanke in tafi da shi kwana talatin, fasfonsa a hannuna. Ban taɓa ganin hukuma ta saurari tsohuwa haka ba.

Yamai

Jirgi uku muka hau, ta New York da Paris. Abincinsu ba gishiri, Bashir ya cinye nawa. Muka kwana gidan ƙanwata, ƙarfe biyar muka shiga mota. A Dogon Dutsi jandarma ya juya takardar kotu, ya ce, "Hajiya, har jika sai da izini?" Na ce can haka ake yi.

Maraɗi

Muka isa da la'asar. Da yake ban iya karatu ba, ƙwallon dabino talatin na ƙulle a gefen zane, kullum in jefar da ɗaya. Saura huɗu, Alhaji Mamman, wan marigayi mijina, ya kira ni zaure. Ya ce ɗa na uba ne, a bar Bashir nan ya koyi Hausa da karatu.

Na durƙusa na ce, "Yaya, ban taɓa musa maka ba. Amma uwarsa ma tana ƙirga kwana."

Bai amsa sallamata ba da za mu tafi.

Komawa

Saura ƙwallo ɗaya muka sauka. Rakiya na tsaye a filin jirgi. Ta rungume ɗanta, sannan ta durƙusa ta ce, "Sannu da hanya, Inna." Alhamdulillahi.

Sani ya sake aure. Rakiya ta gama karatun jinya. Bashir ya je Maraɗi sau uku bayan nan, na ƙarshe uwarsa ce ta kai shi da kanta. Alhaji Mamman kuwa har ya rasu bai ƙara yi mini magana ba. Allah ya jiƙansa.