Jif ɗin da Nima ta sa wa suna Makara

Bayan an juya hannun tuƙi a ƙasar nan, motoci sun koma dama, amma kafin shekarar yunwa da aka koro 'ya'yanmu daga Legas, a tsakanin nan maigidana ya sayi jif. Tsohuwa ce, koriya, rufin tamfol, sitiyarinta a tsohon hannu, shi ya sa mai ita ya rabu da ita.

Ku da kuka tarar da kwalta ba ku san unguwarmu Nima ba. In ruwa ya sauka, tasi a bakin titi yake aje ka, ka ƙarasa da ƙafa. Tamu kuwa har ƙofar gida, ta tsallake kwata, ta hau dutse kamar akuya. Lokacin yunwa ita ta shiga ƙauyukan da babu hanya ta kawo masara. Tukunyata ba ta taɓa yini a kife ba. Amma shan mai gare ta, zaman bayanta sai ciwon kwankwaso, kuma in ƙarfe ɗaya ya karye makanike ya yi wata yana nema.

Duk wannan mun jure. Bakina ne ya ɓata ta. Wata damina uwar maƙwabciyarmu ta rasu, motar da aka yi haya ta kasa shigowa lungu, maza suka tsaya cirko-cirko. Ni kuwa, a gaban mata, na ɗaga murya na ce ai gidanmu akwai mota. Ina so a ji, ba zan ɓoye ba. Aka cire bencin baya aka sa gawa.

Daga ranar duk wanda ya rasu, daga Mamobi har Kawukudi, ƙofarmu ake bugawa, maigida kuma ba ya hana abin lada. Kafin shekara ta zagayo an daina cewa jif, sai Makara. In mata suka ji ƙararta sai su bar daka su tambaya wa ya tafi. Masu ciki suka daina roƙon a kai su asibiti. Na wanke ta da sabulu, na turara ta, suna bai fita ba.

Sai ciwon ciki ya kwantar da maigida, ana tsakiyar ruwa. Zama ya gagare shi, sai kwance. Ƙaninsa ya kawo motar bakin ƙofa, na shimfiɗa katifa a baya. Ya ɗago kai ya dube ta, ya koma.

Na ce, “Malam, asibiti fa za mu.”

Ya ce, “Uwar yara, wa kika taɓa gani ya kwanta a nan ya dawo?”

Na roƙe shi, liman ya zo ya yi masa nasiha, amma maigida ya ce a bari ƙasa ta bushe tasi ya shigo. Ƙasa ta bushe ran Alhamis. Shi ran Laraba ya cika. Mata ba ma zuwa maƙabarta, daga zaure na ga fitarsu da shi a bayan Makara.

Cikin waɗanda suka ji maganata ranar da na ce gidanmu akwai mota, saura maƙwabciyar nan, idonta ya tafi, da ƙanin maigida da ke zaune a Kumasi, sai ni. Mu uku, kuma ba ma tayar da zancen.